Rage teɓa bayan shekara 40: daga kwalbar mai ake farawa

Mutum ya haura shekara 40, wandon da tela ya ɗinka masa bara ya ƙi ɗauruwa, bene hawa ɗaya ya isa ya sa shi haki. In ka tambaye shi sai ya ce jikin ne ya canja, ko ruwa ya sha ƙiba yake yi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta inda ake zato ba. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2021, wanda ya haɗa mutum sama da 6,000 daga ƙasashe 29, ya nuna cewa yadda jiki yake ƙona abinci, in an yi la'akari da girman jikin, ba ya wani sauka tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ke canjawa shi ne rayuwar. Wanda a da yake takawa daga Tudun Wada zuwa Kasuwar Bacci a Kaduna yanzu ko masallacin ƙarshen layi sai a mota ko a babur. Wuni ake a zaune, a ofis ko a shago. Tsoka kuma tana zaizayewa a hankali tun daga wajen shekara 30 in ba a ba ta aiki, alhali malmalar tuwo tana nan yadda take tun zamanin samartaka. Ga mata akwai ƙari: idan al'ada ta zo ɗaukewa, kitsen da ke taruwa a cinya da ɗuwawu sai ya koma taruwa a ciki.

Kafin a sayi sikeli, a ari tef ɗin tela. Kitsen ciki shi ne wanda ya fi jawo ciwon suga da hawan jini, kuma tef ya fi sikeli faɗin gaskiya a kansa. A tsaya a miƙe, a zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato daidai cibiya ko sama da ita kaɗan, a fitar da numfashi, kada a shanye ciki. Namiji in ya kai inci 37 ya shiga layin gargaɗi, in ya wuce 40 abin ya yi yawa. Mace kuwa inci 31 da rabi ne gargaɗi, 35 ya yi yawa. Hanya mafi sauƙin riƙewa: kada awon cikinka ya wuce rabin tsawonka.

Buri kuma a sa shi daidai wa daida. Mai kilo 95 ba sai ya koma 70 zai ga amfani ba. Kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, ya isa ya taɓa awon jini da na suga, ya kuma sauƙaƙa wa gwiwa, domin kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Rabin kilo a mako shi ne tafiyar da ke ɗorewa, kuma ana samun ta ne in an rage kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 a abincin yini.

To ina za a samo 500 ɗin nan ba tare da an kwana da yunwa ba? A ganina wuri na farko shi ne kwalbar mai, kuma shi ne wurin da aka fi kawar da kai. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, ko manja ne, ko man gyaɗa, ko man zaitun mai tsada. Bambancinsu ba a nan yake ba. Kwalba ɗaya irin wadda ake auna mai da ita a kasuwa ta haura kalori 6,000. Gidan mutum shida da ke shanye kwalba cikin kwana uku, kowa yana cin kalori kusan 340 a rana daga mai kaɗai, ban da ƙosan safe da awarar yamma da aka sayo a waje. In uwargida ta ja kwalbar ta kai kwana biyar, an rage wa kowa sama da 130 a rana, ba tare da an taɓa tuwon kowa ba. Dabarar ita ce a daina tsiyayawa daga kwalba kai tsaye cikin tukunya. A riƙa aunawa da cokali, cokali ɗaya ga kowane mutum a tukunyar miya, a kuma kwashe man da ya taso a saman miyar dage-dage kafin a zuba. Miyar kuka da ta kuɓewa ba sa neman mai da yawa. Daddawa da busasshen kifi ne ke ba su ɗanɗano. Inda aka fi yin ɓarna shi ne garau-garau da ɗanwake, inda kowa ke zuba wa kansa mai har sai ya kwanta a gindin kwano, da kuma man shanun da ake kwarara wa tuwo.

Na biyu, abin sha. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 12, kalori kusan 200, kuma ba ta ƙosar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babban mutum zai sha a yini ya wuce kimanin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini ke nan. Lemon malt da ake ɗauka na masu hankali ne shi ma sukari ne cike. Haka zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, musamman a zafin Maris da Afrilu da ake ɗirka su kamar ruwa. A haɗa zoɓo a gida da citta da kanumfari ba sukari, ko kaɗan ƙwarai. Shayi kuwa a sauka a hankali: mai zuba cokali uku ya koma biyu na mako biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa. Wanda ya bar sukari ya koma zuma bai yi nisa ba, cokalin cin abinci ɗaya nata kalori wajen 60 ne.

Sai tuwo. Ba a ce a bar shi ba, kuma duk tsarin da ya raba Bahaushe da tuwo ba ya kai wata biyu. Malmala ce za a mayar kamar dunƙulen hannun mai ci, guda ɗaya, a ninka miya da ganye. Shinkafa ma haka, ludayi biyu madaidaita, sauran farantin a cika da kabeji, karas, kokwamba, ko kwaɗon zogale da rama, amma a lura da ƙulin da man da ke cikin kwaɗon. Mutane da yawa suna komawa tuwon alkama ko acca, suna cin malmala biyu da sunan magani. Acca abinci ce mai kyau, ga ta nan ana nomawa a kudancin jihar Kaduna, amma kalorinta bai yi nisa da na shinkafa da masara ba. Yawan ne ke magana, ba sunan hatsin ba.

Abin da ke riƙe ciki ya hana ciye-ciye shi ne abinci mai gina jiki a kowane zama: dafaffen ƙwai biyu da safe, wake, alale na gwangwani mai ɗan mai, kifi ko kaza gasassu kamar faɗin tafin hannu, nono ba sukari. Awara tana da kyau in an dafa ta cikin miya maimakon suya. Gyaɗa ma tana da amfani, sai dai giram 100 nata ya kusa kalori 600, don haka cikin tafi ɗaya ya isa. Mai ciwon ƙoda shi kam sai yadda likita ya tsara masa.

Ga maza, yawanci ba abincin gida ne ke kayar da su ba. An ci tuwon dare a gida ko an yi ciyayya a majalisa, ƙarfe goma kuma a zarce wajen mai shayi: Indomie biyu, ƙwai uku da aka soya cikin mai, burodi, shayi mai kauri. Wannan zama ɗaya zai iya haura kalori 1,000, ya shafe ƙoƙarin kwana biyu. In ba za a iya barin majalisa ba, a zaɓi ɗaya: ko tuwon gida ko na mai shayi. Haka azumin Litinin da Alhamis ko na Ramadan; ba ya rage komai in buɗe-baki ya zama ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari kafin a zo ga abinci. Dabino uku da ruwa, a yi sallah, sannan a ci faranti ɗaya.

Motsa jiki kuwa, a san aikinsa tun farko don kada a karaya. Tafiya da sauri ta minti 40 ba ta ƙona fiye da robar lemo ɗaya da wani abu. Saukar nauyi daga kicin take zuwa. Amfanin atisaye shi ne ya tsare tsoka yayin da kitse ke tafiya, ya gyara suga da jini, ya hana nauyin dawowa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi mai sa numfashi ya ɗaga, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Mai iya zuwa Dandalin Murtala da sassafe ya je, amma ba dole ba ne. Minti 30 bayan sallar asuba a cikin unguwa, kwana biyar, ya cika lissafi. Matar da ba ta fita za ta iya raba shi uku, minti goma-goma tana zagaya tsakar gida bayan kowane abinci, wanda ma ya fi taimaka wa mai suga. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Lokacin hazo, mai asma ko tari ya jira rana ta ɗaga ko ya yi a ɗaki. Da damina kuma a yi taku a wuri ɗaya, ana ɗaga gwiwa.

Na tsoka ba ya buƙatar sayen komai. Kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango: a zauna, a tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10 zuwa 12. A fuskanci bango, a dafa shi da tafuka daidai kafaɗa, a matsar da ƙafa baya taku biyu, a kai ƙirji kusa da bango a turo, sau 10. In ya yi sauƙi a koma dafa teburi mai ƙarfi. Galan mai lita 4 cike da ruwa kilo 4 ne: a dafa kujera da hannu ɗaya, a sunkuya baya a miƙe, a jawo galan zuwa ƙugu sau 10, a canja hannu. Sannan a kwanta rigingine a kan tabarma, gwiwa a lanƙwashe, a ɗaga ƙugu sama a riƙe daƙiƙa biyu, sau 12. A zagaya su duka sau biyu a makonnin farko, daga baya sau uku, a bar kwana ɗaya tsakani. Kada a riƙe numfashi wajen yunƙuri, yana harba jini sama; a fitar da shi lokacin da ake turawa ko ɗagawa. Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gwiwa, ko nauyi a ƙirji, ko jiri, wannan a tsaya a ga likita.

Tsallen igiya da gudu a kan kwalta ba na mai kilo 100 ba ne a watan farko, gwiwa ce za ta biya. Atisayen ciki na kwanta-tashi yana ƙarfafa tsokar ciki amma ba ya narkar da kitsen da ke kanta. Jiki ne ke zaɓar inda zai cire, kuma sau da yawa fuska da wuya ke fara faɗawa, har a fara tambayar mutum ko lafiya, alhali tumbin yana nan. Ɗamarar roba da sa leda a jiki gumi kawai suke fitarwa, kofi biyu na ruwa ya mayar da shi. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da yawansu ganye ne mai sa gudawa irin filasko ko mai sa fitsari. Ruwa ke fita, ba kitse ba, kuma ga mai shan maganin hawan jini haɗari ne. Lemon tsami a ruwan ɗumi ba ya cutarwa, ba ya kuma narkar da komai.

Akwai waɗanda ya kamata su fara da asibiti. Mai suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya rage abinci bai rage magani ba, suga zai iya faɗuwa ya sumar da shi. Magunguna irin prednisolone da dexamethasone, da wasu ke sha barkatai don ciwon gaɓoɓi, suna kumbura fuska da ciki, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a yanke su rana ɗaya. Ƙafa mai kumburi da in an danna take loɓawa ruwa ne, ba ƙiba ba. Mai minshari mai ƙarfi da ke wuni yana gyangyaɗi shi ma a duba shi, domin barcin da bai kai awa 7 ba ko marar daɗi yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Makon farko sikeli yakan yi daɗin gani, kilo ɗaya da rabi ko biyu, amma yawancinsa ruwa ne. Daga nan sai tafiyar ta yi sanyi, bayan 'yan watanni kuma ta tsaya cak, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, yunwa ta ƙaru, hannu kuma ya fara sakewa ba a sani ba. Nan ne akasari ake watsarwa. A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, da kaya iri ɗaya. Tef kuma duk mako biyu. Abincin biki mai gishiri da dunƙule, ko kusantowar al'ada, na iya ƙara kilo ɗaya na ruwa a kwana guda, ya tafi da kansa. In mako huɗu suka wuce sikeli da tef duka ba su motsa ba, a ɗauki takarda a rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana uku, har da ɗanɗanon miya, da ragowar abincin yara, da cincin ɗin da aka ajiye wa baƙi. Sannan a duba kwalbar mai a ga kwana nawa ta yi a wannan makon.