Makarantar Hutu da 'Yan Matan da Suka Zo da Goyo

Duk wanda aka ɗora wa nauyin shirya makarantar hutu ta yara a ikilisiyar ƙauye ko ta ƙaramin gari, ina roƙonsa kafin ya sayi alli ko ya tsara jadawali, ya fara bin gidajen membobi ya binciki abu guda: idan uwa ta tafi gona a watan Agusta, a bayan wa jaririnta yake wuni? Mu a ikilisiyarmu, da ke wani gari a kudancin Jihar Kaduna, amsar wannan tambaya ta riske mu ne bayan aiki ya riga ya yi nisa, kuma har yau idan na tuna abin da hakan ya jawo wa wasu yara, raina yana sosuwa.

Ni malamar firamare ce, kuma na daɗe ina koyarwa a Makarantar Lahadi, shi ya sa aka sa ni cikin kwamitin. Tsarin da muka bi mun aro shi ne daga wata babbar ikilisiya ta birni: mako guda, daga ƙarfe tara na safe zuwa sha biyu, a yi waƙa, a ba da labari daga Littafi Mai Tsarki, a yi haddar aya, a yi rubutu da zane, sannan a rufe da ranar ba da kyaututtuka a gaban iyaye. Baiko na musamman da aka yi, wato kuɗin da aka tara a ikilisiya, ya isa, matasa sun ba da kansu don koyarwa, samarin Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta ikilisiya, sun share fili sun jera bencuna. Wannan ɓangaren bai ba kowa wahala ba.

Abin da tsarin bai faɗa ba shi ne irin yaran da aka yi shi dominsu. Makarantar hutu ta Littafi Mai Tsarki ta samo asali ne a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, domin yaran birni waɗanda idan an rufe makarantu ba su da abin yi sai yawon titi. Mu kuwa dogon hutunmu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da gida ba ya da hannun da zai zauna banza. Ana cire ciyawa a gonakin citta, ana shirin yankan acca, sabuwar masara da gyaɗa sun fito ana dafawa ana kai wa bakin titi. Ga shi kuma shekarar ta biyo bayan cutar da ta cinye citta a 2023, wadda ta karya gidaje da yawa a yankinmu, har matan da a da suke ɗaukar 'yan ƙodago suka koma su ne ke zuwa ƙodago a gonakin wasu. Tun da asuba uwa ta fita, sai yamma lis.

Saboda haka da safiyar Litinin, samari ƙanana suka shigo da gudu hannu sake, 'yan mata kuwa, daga masu shekara takwas zuwa sha uku, da yawansu suka shigo da goyo. Wata da jariri a baya da na yaye a hannu. Wata ta tura tiren dafaffiyar masara ƙarƙashin benci ta rufe da ɗankwali. Akwai wata yarinya da ba zan manta tsayuwarta ba: ba ta iya zama, domin da zarar ta zauna ƙanenta zai farka, don haka sai ta tsaya a bakin taga, ta ɗora littafinta a kan dakalin tagar, tana jijjiga jikinta a hankali tana rubutu, lokaci zuwa lokaci ta ciji fensirin da haƙora ta ƙara ɗaure majanyin da ke kwancewa. Rubutunta ya fita a karkace, amma ayar ta cika, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba.

Kafin a tashi ranar, kukan jarirai ya rinjayi muryar malamai, waɗanda yawancinsu ɗaliban sakandare ne da ba su taɓa riƙe aji ba. A taron da muka yi da yamma aka kawo shawarar da ta zama tushen duk ɓarnar, wato a bi ƙa'idar da ake bi a sujadar Lahadi: wadda goyonta ya yi kuka ta fita waje, idan ya yi shiru ta dawo. Shawarar ta yi kama da hankali, tunda kowa ya saba da ita. Sai dai matar da ta fita daga majami'a ranar Lahadi tana jin wa'azi ta lasifika, tana da Littafinta, tana da taron Zumuntar Mata a tsakiyar mako. Yarinyar da aka ce ta fita ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana tsaye ne a bayan ɗaki cikin yayyafi, tana jin 'yan'uwanta suna tafi suna dariya a kan labarin da ba ta ji farkonsa ba. Bugu da ƙari, tsarin ya ce a riƙa ba da maki a kan zama a aji, da haddar aya, da tsabtar littafi, kuma duka ukun goyo yana hana su. Littafin da jariri ya kama da hannun kunu ba zai taɓa cin makin tsabta ba.

Zuwa tsakiyar mako bencunan 'yan mata suka fara yin fili. Ajin ya yi tsit, darasi ya tafi sumul, har wasu a cikin kwamiti suka ce an samu tsari. Wannan kalma ta tsari ita ce ta fi ƙona mini rai, domin shirun da aka samu na yaran da suka daina zuwa ne.

Da na ga yarinyar nan mai tsayuwa a taga ba ta zo ba, sai na je gidansu da yamma. Kakarta na tarar tana tsinke ganyen rama. Bayan mun gaisa na ce, "Mama, jikarki fa ba mu gan ta ba yau, lafiya dai ko?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Lafiya lau, Malama. Ta ce an ce mata ta fita, to ina amfanin ta yi wanka ta tafi ta tsaya a waje? Tsayuwar waje ai akwai ta a gida." Ta ƙara da cewa uwar yarinyar ta haƙura da tallan safe na mako guda ne domin 'yarta ta je ta ji Maganar Allah, kuma kuɗin tallan nan shi ne na cefanen dare. A nan na gane cewa gidajen da muke ganin ba su damu ba su ne suka fi kowa biyan kuɗin shiga wannan makaranta, ko da yake mun rubuta a allo cewa kyauta ce.

Washegari an janye ƙa'idar, amma kunya ba ta janyuwa da sanarwa, kaɗan ne suka dawo. Ranar rufewa iyaye suka cika majami'a, aka kira waɗanda suka fi maki, kusan dukansu maza ne ko 'ya'yan ma'aikata masu 'yar aiki a gida. Aka ba su Sabon Alkawari da littattafan rubutu, aka yi musu tafi. Ban ga laifin yaran da suka ci ba, sun yi ƙoƙarinsu. Amma ina kallon layin baya, inda wasu 'yan mata suke zaune da goyonsu suna tafa wa ƙannensu maza, waɗanda su ne suka yi musu wanka suka ba su koko kafin su fito.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Da na kai maganar gaban dattawan ikilisiya, wani ya ce majami'a ba gidan raino ba ce, wani ya ce kuɗin kunu da sabulu ba ya cikin kasafi, wani kuma ya ce a hana zuwa da jarirai gaba ɗaya, wanda ma'anarsa a hana 'yan matan zuwa. Na tuna musu cewa ita kanta Makarantar Lahadi, da Robert Raikes ya fara ta a garin Gulosta na Ingila wajen 1780, ya zaɓi Lahadi ne saboda yaran da yake nema suna aiki a masana'antu sauran kwanakin mako, wato ya duba rayuwar yaran tukuna sannan ya yanka lokaci. Baba Fasto ya saurara har ƙarshe, ya ce a karanta Markus sura 10, inda almajirai suka tsawata wa masu kawo yara, Yesu kuma ya ji haushin almajiran. Bayan an karanta bai ƙara komai ba sai cewa a kai maganar ga Zumuntar Mata.

Su ne suka warware abin cikin zama ɗaya. Tsofaffin da ƙarfinsu bai kai zuwa gona ba suka raba kwanaki a tsakaninsu. A makarantar hutun da ta biyo baya an shimfiɗa tabarmi a tsohon ɗakin mawaƙa, an ɗaura gidajen sauro guda biyu don masu barci, an ajiye randa mai murfi da moɗa, da buta da sabulu a bakin ƙofa, da fo. Kowace mata a Zumunta ta kawo gwangwanin gero ko na gyaɗa, aka riƙa dama kunu kowace safiya. Yarinya za ta zo ta kwance goyonta ta miƙa wa kaka, ta shiga aji da bayanta a sake. Na ga wasu daga cikinsu suna ta juyawa a kan benci a ranar farko, ba su saba zama babu nauyi ba.

Ga masu son yin irin wannan, akwai abubuwan da ɗakin raino yake jawowa waɗanda dole a shirya musu. Agusta lokacin zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa, kuma tara jarirai a ɗaki ɗaya ba wasa ba ne. Mun roƙi wata ma'aikaciyar lafiya da ke cikin ikilisiya ta riƙa leƙowa da safe tana taɓa jikin kowane yaro, wanda jikinsa ya yi zafi ko yake da ƙuraje a kai shi asibiti, kada a haɗa shi da sauran. Ita ce kuma ta koya wa kakannin haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ya kamata. Mun buɗe rajista dabam ta jarirai, da sunan uwa da unguwa da sunan yayar da ta kawo shi, kuma ba a miƙa yaro ga kowa sai ita ko uwarsa. Ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara a ɗaki rufe, ko wane ne shi. An kuma soke makin tsabtar littafi, haddar aya ta koma ta rukuni, kyauta kuma kowane yaro ya samu, ko da fensir ne.

Darasin da ya fi kama yaran a wannan karon shi ne na Fitowa sura 2, kuma da gangan na zaɓe shi. Sun san labarin jariri Musa a cikin kwando a bakin kogi, amma ba a taɓa tsayar da su a kan yayarsa ba, yarinyar da ta tsaya daga nesa tana gadi, ta yi ƙarfin halin yi wa 'yar Fir'auna magana, ta kuma kawo mahaifiyarsu ta zama mai shayar da shi. Na tambayi ajin wa ya taɓa gadin ƙanensa daga safe har yamma. Hannuwan 'yan mata suka tashi a hankali, suna duban juna. Na ce wa mazan su dubi waɗannan hannuwa da kyau. Daga ranar muka sa dokar cewa idan an tashi, duk namijin da ke da ƙane a ɗakin raino shi zai ɗauki jakar da kwanon kunu, kuma wasu sun fara karɓar goyon ma, ko da yake abokansu sun yi musu dariya da farko.

Ba na goyon bayan a tara iyaye mata a yi musu faɗa a kan ɗora wa 'ya'yansu raino, kamar yadda wani ya so a yi. Ba son ransu ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muka yi shi ne, a daren rufewa aka gayyaci iyaye maza da mata tare, aka yi magana a kan rabon aikin gida tsakanin 'ya'ya maza da mata, da kuma yadda za a yi addu'ar iyali ta minti goma bayan tuwon dare da ayoyin da yaran suka haddace. Iyaye maza kaɗan ne suka zo, wannan kuwa aiki ne da ke jiran Zumuntar Maza.

Ɗakin raino bai magance matsalar talla ba. Har yanzu akwai 'yan matan da ƙarfe goma na yi za su fara duban ƙofa, domin masara tana hucewa kuma motocin kasuwa ba sa jira. Wasu daga cikin waɗanda aka fitar a shekarar farko ba su sake takowa makarantar hutu ba, ko da yake suna zuwa sujada, kuma ina bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Shawarar da ke gaban kwamiti yanzu ita ce a mai da ajin manyan 'yan mata zuwa ƙarfe huɗu na yamma, bayan an dawo daga talla kuma kafin a ɗora tukunya, ko kuma a ɗage makarantar baki ɗaya zuwa hutun Disamba, lokacin da amfanin gona ya shigo gida. Ni na fi karkata ga Disamba, amma na roƙa kada a yanke hukunci sai an tara 'yan matan da iyayensu mata an ji ta bakinsu.