Tallafin Ƙetare da Kayan Tarihi: A Hannun Wa Makulli Yake?

A watan Fabrairun 2025 Firaministan Birtaniya Keir Starmer ya sanar da cewa gwamnatinsa za ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa kashi 0.3 nan da shekarar 2027, domin ta ƙara wa harkar tsaro. Dama tun a 2021 aka sauko da shi daga kashi 0.7, adadin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1970, wanda ita kanta majalisar dokokin Birtaniya ta mayar da shi doka a 2015. A Amurka kuwa an rushe hukumar ba da tallafin ƙetare ta USAID a shekarar 2025, sannan gwamnati ta sanar da cewa za ta sake ficewa daga UNESCO. Yawancin masu kokawa da wannan lamari suna magana ne a kan allurar rigakafi da abinci da magani, kuma suna da gaskiya. Amma akwai wani ɗan kaso na tallafin da ba kasafai ake jin mai kare shi ba, wato kuɗin da ake warewa don adana gine-ginen tarihi da tsofaffin littattafai da kayan gado. Ni ina cikin masu kare shi, sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi damuna a kan yawan kuɗin.

Na san abin da za a ce: wanda bai ci ba, me zai yi da gyaran katanga? Amsar da ta fi gamsar da ni tana Timbuktu. A 2012 mayaƙan Ansar Dine suka bi hubbaren waliyyan garin ɗaya bayan ɗaya da gatari da diga, suka kuma ɓalle wata ƙofa ta masallacin Sidi Yahya wadda mutanen garin suka gaji cewa ba za a buɗe ta ba sai ƙarshen duniya. Ba dukiya suke nema a bayan ƙofar ba. So suke su nuna wa jama'a cewa abin da suka taso suna girmamawa ba shi da mai tsaronsa. Mai rushewa ya san darajar abin da yake rushewa, ko da jami'in da ke tsara kasafin tallafi bai sani ba. Bayan an kori mayaƙan, an sake gina hubbare 14 da kuɗin masu ba da tallafi ƙarƙashin jagorancin UNESCO, aka kammala a 2015, kuma maginan garin ne suka yi aikin, 'ya'yan gidajen da suka gaji kula da waɗannan gine-gine, da irin ƙasar da irin yaɓen da iyayensu suka koya musu. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekara tara saboda wannan ɓarna, daga baya ta ƙiyasta diyyar da ke kansa a kan Yuro miliyan 2.7. A wannan aiki kuɗin ya fito daga waje, amma hannu da ilimi da makulli duk na 'yan gari ne.

Kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne. Asusun kare kayan al'adu da Birtaniya ta kafa a 2016, wanda British Council ke gudanarwa tare da ma'aikatar al'adu, ya fara ne da fam miliyan 30 na 'yan shekaru, alhali a shekarar 2016 kaɗai tallafin ƙetare na ƙasar ya haura fam biliyan 13. Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun kafa asusun ALIPH na kare kayan tarihi a wuraren da ake yaƙi a Geneva a 2017, sannan a 2018 Daular ta ware sama da dala miliyan 50 don sake gina masallacin al-Nuri da hasumiyar al-Hadba a Mosul, waɗanda 'yan IS suka tarwatsa a watan Yunin 2017. Ko da an soke irin waɗannan asusu baki ɗaya, abin da za a samu ba zai cike giɓin asibitoci ba.

Sharaɗina ya samo asali ne daga aikin da ake yawan kafa hujja da shi a wannan fage. A 1960, sa'ad da Masar ke gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, UNESCO ta yi kira ga duniya a ceci wuraren tarihin ƙasar Nuba kafin ruwa ya shanye su. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi tsawon mita 65, aka sake harhaɗa shi, gangamin ceton baki ɗaya kuma ya ci kimanin dala miliyan 80 da ƙasashe wajen 50 suka taimaka wajen tarawa. Aiki ne na ban mamaki, kuma shi ya share fagen yarjejeniyar wuraren tarihi na duniya ta 1972. To amma mutanen Nuba kimanin dubu 100 a Masar da Sudan sun tashi daga garuruwansu, tsohon garin Wadi Halfa ya nutse, kuma duniya ba ta yi musu irin gangamin da ta yi wa duwatsu ba. Masar ta kuma ba da haikali huɗu kyauta ga ƙasashen da suka taimaka: na Dendur yana New York, na Debod yana Madrid, na Taffeh yana Leiden, na Ellesiya yana Turin. An tsirar da su, babu shakka. Sai dai jikan mutumin da aka tayar daga gaɓar Nilu ba zai ga haikalin Dendur ba sai ya sami bizar Amurka.

A nan ne maganar kare kayan tarihi ta haɗu da maganar samun damar ganinsu, kuma a nan ne manufofin gwamnatoci suka fi karo da juna. Tun 2001 ake shiga manyan gidajen tarihi na gwamnatin Birtaniya kyauta, kuma wannan manufa ce da ta cancanci yabo, domin ɗan makaranta da ɗan dako da attajiri ƙofa ɗaya suke bi. Amma kyautar ta wanda ya riga ya isa Landan ce. Gidan tarihi na British Museum yana riƙe da kayan masarautar Benin ta Nijeriyar yau sama da 900, waɗanda yawancinsu sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897, kuma dokar 1963 da ke tafiyar da gidan ta hana masu kula da shi rabuwa da kayan da ke hannunsu sai a 'yan yanayi ƙalilan. Saboda wannan doka da makamanciyarta ne kayan zinare da azurfa 32 na masarautar Asante suka koma Kumasi a 2024 a matsayin aro na shekara uku, daga British Museum da gidan tarihi na Victoria da Albert, duk da cewa akasarinsu ganimar yaƙi ce ta ƙarni na 19. Mutane sun yi layi a fadar Manhyia don su gani, ban kuma raina farin cikinsu ba, amma zanen aro ba ya rufe katara. Ma'aikatar da ke ba da kuɗi a kare kayan gadon wasu a ƙasashensu ita ce kuma ke riƙe da dokar da ta hana a mayar musu da wanda aka ɗauke.

Wasu ƙasashen sun motsa. Bayan rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018, wanda ya lissafa kayan Afirka kudu da Sahara kimanin dubu 90 a gidajen tarihin Faransa, an mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,100 a 2022, Holan kuma ta mayar da 119 a 2025. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa ambaton wannan tare da tallafi kamar abu ɗaya ne. Tallafi kyauta ce da mai bayarwa ke iya ragewa ranar da kasafinsa ya matse, mayar da kayan mutane kuwa sauke nauyi ne.

Akan ce ɗaukar hoton kayan a sa a intanet ya warware matsalar. Ya rage ta, kuma akwai shirin da ya yi abin kirki: tun 2004 Laburaren Birtaniya, da kuɗin gidauniyar Arcadia, yake ɗaukar nauyin hoton tsofaffin takardun da ke fuskantar lalacewa a ƙasashe da dama, bisa ƙa'idar cewa takardun asali ba sa barin ƙasarsu, kuma kowa na iya duba hotunan kyauta. Duk da haka, lokacin da masu kutse suka kai wa laburaren hari a watan Oktoban 2023, ɗimbin abin da yake bayarwa ta intanet ya rufe tsawon watanni. Ga kuma batun harshe, domin bayanin da ke jagorantar mai bincike zuwa ga takarda yawanci da Turanci ko Faransanci yake, don haka malamin da zai iya karanta littafin kansa sau da yawa ba zai iya gano inda aka ajiye hotonsa ba.

Abin da ya fi ƙaranci a wannan fage shi ne kuɗin yau da gobe. Masu ba da tallafi suna son aikin da ke da ranar buɗewa da allon da za a rubuta sunansu, amma gara da danshi da yoyon rufi ba su san wa'adin shekara uku ba. Littattafan Timbuktu na rubutun hannu, waɗanda Abdel Kader Haidara da iyalan garin suka fitar a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe ta mota da kwalekwale, sun tsira daga wuta, suka tarar da danshin Bamako, wanda takardar da ta saba da busasshiyar iskar hamada ba ta jure masa. Ceton ya ɗauki watanni, kulawar kuwa ba ta da ƙarshe, kuma ita ce ba ta da mai ɗaukar hoto. Gwamnatocin da ke karɓar tallafi su ma suna da nasu laifin, domin wadda ba ta biyan mai gadin gidan tarihinta albashi a kan lokaci ba ta da bakin zargin baƙo.

Da za a tambaye ni abin da ya kamata a bari idan ragin ya zo, zan ce rajista da horar da ma'aikata. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta wajabta wa ƙasashe mayar da abin da aka sata daga gidan tarihi ne idan yana rubuce a kundin kayan wannan gida. Wato akawun da ke zaune yana auna tukunya, yana ɗaukar hotonta, yana rubuta lamba a gindinta, shi ne zai zama hujja ranar da tukunyar ta ɓulla a kasuwar gwanjo. An wawashe babban gidan tarihin Sudan a Khartoum a yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma duk abin da za a iya ƙwatowa ya dogara ne a kan irin wannan rubutu. Ba ƙasashe matalauta kaɗai ke sakaci da shi ba: a 2023 British Museum ya amsa cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace a rumbunansa, da yawansu ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba.

Gyaran doka kuwa ba ya cin kasafi, don haka ƙarancin kuɗi ba uzuri ba ne a kansa. Faransa ta yi doka ta musamman a ƙarshen 2020 kafin ta saki kayan nan 26. Majalisar dokokin Birtaniya ma ta taɓa yin haka: a 2009 ta ba gidajen tarihinta na ƙasa ikon mayar da kayan da aka ƙwace a zamanin 'yan Nazi, a 2019 kuma ta cire wa dokar wa'adi. Har yanzu ba ta yi makamanciyarta ba a kan kayan da aka kwasa daga Benin da Kumasi.