Dare na uku, da matar da ta ƙwanƙwasa

Sikilar Auta ba ta lafa ba. Tun Litinin muke asibitin yara, baya da ƙafafu, kuka har murya ta dushe. Babansu na wurin aiki, sai ni da ƙarar na'urar ƙarin ruwa.

Bayan la'asar wata mata ta ƙwanƙwasa. Kanta a aske kwal-kwabo, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce tana cikin malaman addini na asibitin, ita mabiyar Budda ce. Gabana ya faɗi. Na yi wuf na ce mu Musulmi ne. Ta ce ta gani a takardarmu, kuma ba wa'azi ya kawo ta ba. A nan Amurka wanda ke bakin aiki cikinsu shi ke zagaya kowa, Kirista, Bayahude, har marar addini. In liman nake so, za ta nemo mana. Sai ta tambaye ni ko ta ɗan zauna da yaron.

Allurar ciwo muke jira, kuma ta yi jinkiri. Na ɗaga kai.

Ta ɗora 'yar tsanarsa a kan cikinsa, ta ce ya kalli yadda take hawa da sauka, ya ƙirga numfashi zuwa goma. In ya ɓace, ya koma ɗaya. A huɗu ya ɓace, ya ɓata fuska. Ta ce ita ma ɓacewa take yi kullum. Ciwon bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauko, yatsun da suka damƙe zanin gado suka saki. Sunan kowa ba ta kira ba. Da za ta fita ta nuna min alƙibla, ta aiko da darduma.

Umma da na faɗa mata a waya cewa ta yi, "Ke kuwa 'yar nan, ba kya tsoron a juya wa yaro kai? Ina tofin da na koya miki?" Na ce ina yi, Umma, ko ɗazu na tofa masa Falaƙi da Nasi.

Maganarta ta tsaya min a wuya, har na duba. Wani Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da irin wannan dabara ta tattara hankali harkar asibiti a 1979, a Massachusetts, saboda masu fama da ciwo mai naci, kuma tushensa koyarwar Budda ce, abin da suke kira sati a Pali, harshen tsofaffin littattafansu. Ke nan tsoron Umma ba daga iska ya zo ba. To amma numfashin nan na Allah ne, kuma ni na ga hannun ɗana ya saki. Tun magariba nake saƙa da warwara.

Tuwon da Anti ta kawo ya huce, ban taɓa ba.

Ɗazu kafin barci ya ɗauke shi ya ce, "Mama, gobe matar za ta dawo?" Na gyara masa bargo. Ban ba shi amsa ba.