Abin da na koya daga taragon titin Toronto

Na ajiye aiki a kamfanin ba da shawara kan sufuri inda na yi horo. Ga waɗanda za su gaji teburina, ga abin da na tafi da shi.

An ba ni lissafin yawan fasinjan da layukan taragon titi za su iya zubawa cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ogana yana da hanya ɗaya: yawan tarago a awa, a ninka da adadin mutanen da kowanne ke ɗauka, shi ke nan. Tun da sababbin tarago samfurin Flexity na mita 30 suka fara aiki a 2014, masu ninka tsawon tsofaffin, a ganinsa an gama magana.

Ni kuwa sai na koma tarihi. Da aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Yonge a 1954, da na Bloor a 1966, taragon da ke bin waɗannan tituna ya mutu. Waɗanda suka rage, har aka fasa kashe su a 1972, sun koma masu kai wa tashoshi fasinja. Shi ya sa a Broadview da Dundas West da St. Clair West tarago ke shiga har cikin tasha, mutum ya sauka ya wuce ba tare da sake biya ba. To, a wurin da tarago ke juyawa cikin tasha ne lissafin oga ke karyewa. Madaukin Union, wato wurin juyawar tarago a ƙarƙashin ƙasa a tashar Union, wanda aka buɗe a 1990, ƙarami ne kuma a lanƙwashe yake. Ko nawa ka turo daga bakin tafkin Ontario, sai sun yi layi cikin rami. A titin King kuwa, a da, motoci ne ke tare hanya, tarago uku su iso a jere bayan dogon jira. Da birnin ya taƙaita motoci tsakanin Bathurst da Jarvis a 2017, fasinjan yini ya tashi daga kusan 72,000 zuwa 84,000, ba tare da an shimfiɗa sabon dogo ba.

Na rubuta haka. A gaban kowa oga ya tambaye ni ko a garinmu akwai taragon titi da zan koya masa aikinsa. Na yi shiru, wasu suka yi dariya. Da rahoton ya fita, sashen wuraren juyawa yana ciki, kusan kalma da kalma, sunansa kaɗai a kai. Har yabo ya samu daga waɗanda suka ba mu kwangilar.

Saboda haka, duk abin da ka rubuta, tura shi ta imel, ka saka wani a kwafi. Ka je tasha da ƙarfe 8 na safe kafin ka buɗe kwamfuta. Ka tambayi direbobi, sun fi jadawali sanin inda ake makalewa. Kuma idan aikin faɗaɗa madaukin Union ya zo teburinku, ku duba babban fayil na bara. Lissafin da ke ciki nawa ne.