Medora: Garin Makiyaya da Hunturu Guda Ya Sauya Wa Alƙibla

A yammacin jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, a bakin kogin Little Missouri, akwai wani ƙaramin gari mai suna Medora wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum 121 kacal ke zaune a cikinsa, amma da zarar sanyi ya wuce sai baƙi su cika shi maƙil. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne, harkar shanun da aka kafa shi dominta ba ta yi shekara biyar tana bunƙasa ba, kuma labarin faɗuwarta ne yake ciyar da garin har yau.

Wani basaraken Faransa da ake kira Marquis de Morès ne ya kafa garin a 1883, ya kuma sa masa sunan matarsa. A wancan zamani ana loda shanu da rai a jirgin ƙasa zuwa Shikago, inda suke isa a rame bayan doguwar tafiya. Shi kuwa sai ya ga gara a yanka su a inda suke kiwo, a aika da naman cikin taragun da aka sanyaya da ƙanƙara, don haka ya gina babbar mayanka kusa da layin dogo na Northern Pacific. Dabarar ba ta da laifi a takarda, sai dai shanun da ke cin ciyawa zalla ba sa yin ƙiba sai a 'yan watanni na shekara, masu saye a biranen gabas sun fi son naman shanun da aka turke da masara, sannan manyan 'yan kasuwar Shikago ba su ga dalilin barin baƙo ya shiga musu hanci ba. Ya kuma ɓata da maƙwabtansa saboda shingen waya da ya gitta a kan hanyoyin da mafarauta da makiyaya suka saba bi, rigimar da har rai ya salwanta a cikinta. Kafin ƙarshen 1886 mayankar ta daina aiki.

A waccan shekara ta 1883 ce kuma Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yana saurayi ɗan shekara 24, ya zo farautar ɓaunan Amurka, ya zuba dala 14,000 a sayen shanu. Bayan mahaifiyarsa da matarsa sun rasu a rana ɗaya cikin Fabrairun 1884, ya dawo nan domin ya rage baƙin ciki, ya buɗe gandun kiwo na biyu mai suna Elkhorn a arewacin garin.

Masifar da ta kassara kowa ta zo ne a hunturun 1886 zuwa 1887, kuma a ganina ba daidai ba ne a ɗora wa sanyi laifin gaba ɗaya. Masu jari sun yi ta turo garke a kan garke zuwa filin da ba shi da mai shi, har dabbobin suka fi ƙarfin ciyawar, ga shi an yi fari a 1886, shanu suka shiga sanyi ba kitse a jikinsu, kuma kusan babu wanda ya tanadi ingirici. Dusar ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya rage, samanta ya daskare ya yi tauri har kofato ba ya iya fasa shi. Da ƙanƙarar ta narke a watan Maris, mutane sun tsaya a bakin kogi suna kallon mushen shanu na wucewa a kan ruwa. Roosevelt ya yi asarar fiye da rabin garkensa, kuma abin da ya gani na lalacewar ƙasa yana cikin dalilan da suka sa, da ya zama shugaban ƙasa a 1901, ya killace kimanin eka miliyan 230 domin amfanin al'umma.

Wanda ya je yau zai tarar da gidan basaraken mai ɗaki 26 a kan tudu, da yawa daga cikin kayansa na nan, da kuma dogon bututun hayaƙi na jan bulo, wanda ya tsira bayan gobara ta cinye mayankar a 1907. Ƙofar gandun dajin da ke ɗauke da sunan Roosevelt tana bakin garin, kuma a cikinsa ɓauna da dawakan jeji suna kiwo tsakanin tuddai masu layi-layi na ja da toka, ga kuma ɗakin katakon da Roosevelt ya fara zama a ciki. Wani attajiri mai suna Harold Schafer ne ya farfaɗo da garin bayan ya sayi tsohon otal ɗin garin a 1962, daga nan aka soma wasan kiɗa da rawa a fili cikin dare, inda kafin a fara ake soke nama a manyan cokula masu yatsu na ɗibar ingirici, a tsoma shi cikin tafasasshen mai.

Kiwon kansa bai mutu ba. Iyalai da dama a kewayen garin suna riƙe da garkuna a filayen gwamnati bisa lasisin da ya ƙayyade yawan shanun da za a saka da watannin da za su yi, kuma kowane gida yana yanka ciyawa ya tara tun kafin sanyi ya kama.