Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Dawo da Littafina a Leda

A makon jiya na tsaya inda na gama labarina na farko, cikin littattafan makaranta guda biyar, yawancinsa da fitilar ƙwai bayan yara sun yi barci.

Shekarar 2007 ce, kasuwar littafi a Kano tana cikin ɗar-ɗar, don a shekarar ne aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Ni kuwa ko a jikina. Na zuba kayana a baƙar leda, na nufi masu sayar da littattafai a Sabon Gari.

Dattijon da aka yi min kwatancensa bai ko buɗe ba. Ɗagawa ya yi yana jinjinawa, kamar mai cinikin doya.

"Hajiya, wa ya san ki?"

Na ce babu.

"To mu suna muke sayarwa. Ki je ki buga da kuɗinki, ki raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Ki kawo. In ya shiga, a ba ki naki."

Haushinsa na ji sosai, amma yanzu na san ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake a lokacin: marubuci shi ne mai jari, ɗan kasuwa kuma bashi yake karɓa. Shago uku na shiga, amsar ɗaya ce. A cikin adaidaita na yi kukana, mayafi a fuska.

Inna ce ta tsayar da ni. Ba ta karatun boko, sai a karanta mata. Ta ce, "Ke, tun da na ji yarinyar nan ta cikin labarinki ta gudu gidan kawunta ban yi barci ba. Kwasar adashina ta wata mai zuwa taki ce."

Da kuɗin na kai wa wani yaro mai kwamfuta. Na'urarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, shi kuma bai faɗa min ba. Inda na rubuta ƙura ta tashi a filin biki, sai ga kura ta tashi. Kwana huɗu na yi ina bin shafuka da jan biro, ina sa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.

Saura maɗaba'a, kuma kuɗin Inna sun ƙare. Abin da ya faru da 'yan kunnena na aure sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.