Layi huɗu na jadawalin gaskiya

Talata, da dare.

Yau kaina ya ɗauki zafi, amma zafi mai daɗi. Mun shiga babin manɗiƙi, ilimin ƙa'idojin hujja, a darasin lissafin diskirit, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗaiɗai, wanda duk mai karatun kwamfuta sai ya bi ta cikinsa. Farkon darasin bai ba kowa wahala ba. Malam ya ce a nan ba kowace magana ake kulawa ba, sai furucin da za a iya yanke masa hukunci: ko gaskiya, ko ƙarya, babu na uku. "7 ta fi 3" furuci ne. "2 da 2 biyar ne" shi ma furuci ne, sai dai na ƙarya. "Rufe ƙofa" da "ƙarfe nawa?" kuwa ba su shiga sahu ba. Aka laƙaba wa furutan haruffa, p da q, aka fara haɗa su. "Da" sai duka biyun sun zama gaskiya. "Ko" ɗaya ya ishe ta, in ma duka biyun gaskiya ne ba laifi. Korewa kuma juya hukunci take yi. Nan da nan muka wuce waɗannan.

Sai aka zo kan "idan p, to q". A nan ajin ya tsaya cak.

Malam ya zana jadawali mai layi huɗu a allo. Idan p gaskiya ce, q ma gaskiya, haɗin gaskiya ne. Kowa ya gyaɗa kai. Idan p gaskiya ce amma q ƙarya, haɗin ƙarya ne. Nan ma ba gardama. Layi biyu na ƙasa su ne suka tayar da ƙura: muddin p ƙarya ce, to haɗin gaskiya ne, ko mene ne q. Ke nan "idan 2 da 2 biyar ne, to wata ya fi rana girma" magana ce ta gaskiya. Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah ta yaya za a jera ƙarya biyu a ce an sami gaskiya?" Wallahi abin da ke bakina ke nan ta riga ni faɗa.

Ya ce mu ɗauke shi a matsayin alkawari. Uba ya ce wa ɗansa, idan ka ci jarrabawa zan saya maka keke. Yaro ya ci, aka saya, alkawari ya cika. Yaro ya ci, ba a saya ba, uba ya saɓa. Yaro ya faɗi, ba a saya ba, babu mai zargin uban. Yaro ya faɗi, uban ya tausaya ya saya, nan ma bai saɓa ba, don bai taɓa cewa komai kan abin da zai yi in an faɗi ba. Hanya ɗaya tak ake karya alkawarin.

Misalin ya yi, amma bai kwantar mini da hankali duka ba. Ya nuna mini uban bai yi ƙarya ba. Ni kuwa so nake in ga dalilin da zai tilasta wa mai lissafi ya rubuta "gaskiya" a waɗannan layuka biyu, ba wai don ya rasa abin rubutawa ba.

Da yamma na zauna da takarda na ɗauki maganar da babu mai musunta: idan lamba ta fi 5, to ta fi 3. Wannan gaskiya ce ga kowace lamba, ba a ware ko ɗaya ba. To bari mu gwada. Na sa 7: ta fi 5, ta fi 3, layin farko ke nan. Na sa 4: ba ta fi 5 ba, amma ta fi 3. Ga p ƙarya, q gaskiya. Na sa 1: ba ta fi 5 ba, ba ta fi 3 ba, duka biyun ƙarya. Da a ce mun yanke cewa waɗannan layukan ƙarya ne, da 4 da 1 sun rushe maganar da kowa ya san babu ko shakka a cikinta. Lambar da kaɗai za ta iya rushe ta ita ce wadda ta fi 5 amma ba ta fi 3 ba, kuma babu ita. Na daɗe ina kallon takardar. Ashe ba son rai aka bi wajen cika jadawalin ba. In dai muna so mu iya cewa "ga kowace lamba, idan kaza to kaza", dole layukan nan su kasance yadda suke. A ganina da wannan ya kamata a fara koya wa ɗalibi, kafin a kawo masa zancen wata da rana da ke sa ya ɗauka wasa ake yi da hankalinsa.

Ɗalibar nan ma ba ita ta fara wannan ƙorafi ba. Tun a tsohuwar Girka, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin falsafa mai suna Filo ya ce maganar sharaɗi ba ta zama ƙarya sai in ta fara da gaskiya ta ƙare da ƙarya, malaminsa Diyodoras kuma bai yarda da hakan ba. Ke nan tsohuwar gardama muka tayar yau a aji ba mu sani ba.

Da wannan ya zauna, sauran suka fara warwarewa da kansu. "Idan p, to q" daidai take da "idan ba q ba, to ba p ba", layi da layi jadawalinsu ɗaya. Amma ba daidai take da "idan q, to p" ba. Lambar da ba ta fi 3 ba, tabbas ba ta fi 5 ba. Lambar da ta fi 3 kuwa ba lallai ta fi 5 ba, ga 4 nan shaida. Kuma juyin nan na "idan ba q ba, to ba p ba" ba ado ba ne, makami ne. An ba mu aikin tabbatar da cewa idan n sau n lamba ce cika, wadda 2 ke raba ta ba saura, to ita n ɗin ma cika ce. Ta gaba hanyar a toshe take. Ta baya kuwa a buɗe: a ce n mara ce, wato 2k + 1, ninki biyu na wata lamba k da ƙarin 1. Ninka ta da kanta ya ba da 4k² + 4k + 1, wanda shi ne 2(2k² + 2k) + 1, mara ke nan. Layi uku, an gama. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Bayan magariba na gwada wa abokin karatuna gwajin katuna huɗu da masanin halayyar ɗan Adam Peter Wason ya fito da shi a 1966. Kowane kati da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. A tebur ana ganin A, K, 4, 7. Doka ta ce: idan akwai wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa cika ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a san ko an bi dokar? Bai ɓata lokaci ba ya ce A da 4. Na ce, "Malam, in ka juya 4 ka tarar da baƙi a baya, an karya doka?" Ya ce a'a. "In ka tarar da wasali fa?" Ya ce nan ma a'a. Ya yi shiru, can sai ya miƙa hannu ya taɓa 7. Ita ce za ta iya tona asiri, don in wasali ne a bayanta, ga gaskiya ta haifi ƙarya. Mafi yawan waɗanda aka yi wa gwajin nan ba sa zaɓar 7, kuma ba don rashin kaifin ƙwaƙwalwa ba. Zuciya ce ke karkata ga neman abin da zai gaskata doka, alhali aikin shi ne neman abin da zai ƙaryata ta.

Abin da ke ƙara mini ƙwazo shi ne inda wannan ilimi ya kai. Aristo ya tsara ƙa'idojin hujja da kalmomi, su Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa su. Sai George Boole, ɗan Ingila da ya koyar da kansa yawancin lissafinsa, ya mayar da su aljabara a 1847 da 1854, inda ake aiki da 1 da 0. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibin digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki na bin wannan aljabarar: biyu a jere su ne "da", biyu kafaɗa da kafaɗa su ne "ko". Duk wata kwamfuta da waya a kan wannan aka gina su. Jadawalin kansa kuwa yana da iyaka: furuci 2 layi 4, furuci 3 layi 8, furuci 10 layi 1,024, furuci 20 sun haura layi miliyan ɗaya. Shi ya sa ake koyon dokoki irin na masanin lissafi De Morgan, masu cewa kore "p da q" daidai yake da "ba p ba, ko ba q ba", don a taƙaita aiki ba sai an zana komai ba.

Kafin in rufe littafi na leƙa babin gobe, na "ga kowane" da "akwai". Na ci karo da lissafin wani masani mai suna Euler, n² + n + 41. Daga n = 0 har 39, duk abin da ya fito lamba ce da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Sau 40 a jere. Da aka sa 40 sai ga 1,681, wato 41 sau 41, maganar "ga kowace n" ta faɗi nan take. Akwai kuma tambayar da malam ya ce mu zo da amsarta: mene ne bambancin "ga kowace lamba akwai wadda ta fi ta" da "akwai lambar da ta fi kowace lamba". Ta farko gaskiya ce, a ƙara 1 kawai. Ta biyu ƙarya ce, don sai ta fi kanta ma. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta korewar kowacce da alamomi, da safe in Allah ya kai mu.